Waƙafin da ya yi saura bayan Madarumfa

Ka ce kana da jerin sunayen garuruwa a Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, Tasawa da Dakoro da Mayahi da Madarumfa, kana so su fito a layi guda da waƙafi a tsakaninsu. Ka yi zagayen for, wato umurnin da ke bin jeri ɗaya bayan ɗaya, kana ta ƙara suna da waƙafi da alamar += mai liƙa sabon guntu a kan rubutu, sai ga waƙafi ya yi saura a ƙarshe, kana tambaya yadda za ka gutsure shi. Kada ka gutsure komai, ɗana. Goge zagayen gaba ɗaya, ka rubuta wannan:

", ".join(garuruwa)

Abin da ke cikin alamar zance shi ne mai raba tsakani, kuma a tsakani kawai yake shiga, ba ya zama a farko ko a ƙarshe. Suna huɗu, waƙafi uku. In suna ɗaya ne a jerin, shi kaɗai zai fito. In jerin babu komai, rubutu marar komai za ka samu, ba tare da kuskure ba. Waɗannan biyun su ne inda mai gutsure waƙafi da hannu yakan yi tuntuɓe.

Na san zai yi maka kamar an juya shi baibai, a ce waƙafi ne ke gaba, jeri na baya. An ɗora aikin a kan rubutu ne don ya karɓi duk abin da ake iya bi ɗaya bayan ɗaya, ba jeri kaɗai ba. Amma ka yi hattara, shi kansa rubutu ana bin sa harafi harafi. Ka gwada "-".join("Maradi") ka gani, M-a-r-a-d-i zai ba ka, kuma ba zai yi maka gargaɗi ba.

To, ga dalilin da ya sa ba na son zagayen nan naka ko da ya yi aiki. A Python, rubutu in an ƙirƙire shi ba ya canzawa. Duk sanda ka ce +=, a ƙa'ida sabon wuri ake nema a ƙwaƙwalwar kwamfuta, a kwafe tsohon rubutun kaf, sannan a liƙa sabon guntu. Kamar mai rubuta wa mutane wasiƙa ne da in an ce ya ƙara kalma ɗaya sai ya ɗauko sabuwar takarda ya faro daga bisimilla. Yi lissafin da kanka: guntaye 1,000, kowane harafi 10. Karo na farko a kwafi 10, na biyu 20, na uku 30, har zuwa 10,000. In ka tara, ya ɗara harafi miliyan 5. Shi kuwa join yakan auna tsawon duka tukuna, ya nemi wuri sau ɗaya, ya kwafi harafi 10,000 ɗin nan ya gama.

Wataƙila ka auna a injinka ka ce, maigida, ai ban ga bambanci ba. Gaskiyarka. Python ɗin da muka saba sakawa, CPython, yana da dabarar faɗaɗa rubutun a inda yake in babu wani mai riƙe da shi. Sai dai dabara ce ta wannan injin, ba alkawarin harshen ba, kuma takardar salon rubutun Python, PEP 8, ta ce kada a dogara da ita. Suna biyu ko uku dai, sa + abinka, ba wanda zai kama ka.

Kuskuren da za ka fi haɗuwa da shi shi ne lamba a cikin jeri. In kuɗin buhunan gero ne, 25000 da 27500, join zai tsaya ya ce TypeError, wato kuskuren nau'in abin da aka ba shi, domin rubutu zalla yake karɓa. Mayar da su rubutu tukuna: ", ".join(map(str, farashi)). Harshen JavaScript bai da wannan tsaurin, garuruwa.join(", ") yana mayar da lamba rubutu da kansa, amma null da undefined yakan bar gurbinsu fayau, sai ka ga waƙafi biyu a jere. Ni na fi son wanda ke tsayar da ni. A harshen PHP sunan wannan aikin implode, a harshen Java String.join tun Java 8 ta 2014, a Excel na Faransanci da ke ofisoshinmu kuma JOINDRE.TEXTE, daga na 2019.

Akwai inda ban yarda ka sa join ba. Fayil na CSV, wato tebur da waƙafi ke raba ginshiƙansa, ɗauko csv.writer, don ranar da adireshin wani ya zo da waƙafi a cikinsa ginshiƙanka sun rikice. Hanyar fayil, os.path.join. Umurnin SQL kuwa, harshen da ake magana da rumbun bayanai da shi, kada ka taɓa liƙa abin da mutum ya shigar a cikinsa, ta nan ake fasa rumbun bayanai.

Tunda ka ce layin nan SMS za a aika da shi, ƙirga tsawonsa bayan ka haɗa. Saƙo guda yana ɗaukar harafi 160, amma da ƙ ko ɗ ko ɓ ko ƴ ya shiga ciki, sai ya koma 70. Ka tambayi mai aikin ko ya yarda ya biya kuɗin saƙo biyu ko uku kafin ka saki.