Ta yaya Sin ta riƙa sarrafa kumbonta a bayan wata?

Tambaya: Malam, na ji an ce kumbon ƙasar Sin ya sauka a bayan wata, ɓangaren da ba ma gani daga duniya. To yaya suke aika masa umarni? Kuma ba duhu ne kullum a can ba?

Amsa: Bari in fara da maganar duhun, don mutane da yawa sun ɗauka haka ne. Bayan wata yana samun rana kamar gabansa: kusan kwana 14 na haske, sai kwana 14 na dare. Abin da ya hana mu ganinsa shi ne, lokacin da wata yake ɗauka ya juya a kan kansa daidai yake da wanda yake ɗauka ya kewaye duniya, kwana 27 da 'yan sa'o'i. Shi ya sa fuska ɗaya yake nuna mana. Sai a 1959 kumbon Luna 3 na Tarayyar Sobiyat ya fara ɗauko hoton bayan.

Tambayarka ta farko ita ce mai nauyi. Saƙon rediyo ba ya ratsa jikin wata, don haka duk abin da ya sauka a can ya yanke da duniya. Sinawa sai suka fara tura ɗan aike. A Mayun 2018 suka harba tauraron ɗan'adam mai suna Queqiao, suka ajiye shi kimanin kilomita 65,000 gaba da wata, inda yake hango duniya da bayan watan lokaci guda. Ta wurinsa saƙo ke zuwa ya koma. Da wannan ya kankama ne kumbon Chang'e 4 ya sauka a ramin Von Kármán, wani ƙaton rami a bayan wata, ranar 3 ga Janairun 2019, ya sauke 'yar motarsa Yutu-2. Saukar kanta ma ba daga duniya aka tuƙa ta ba. Kumbon ya tsaya cik a sama kamar mita 100, ya duba duwatsu da na'urorinsa, ya zaɓi fili da kansa.

Ni dai aikin da ya fi girgiza ni shi ne na Chang'e 6. A Yunin 2024 ya ɗebo ƙasa da duwatsu giram 1,935 daga bayan wata, ya dawo da su yankin Mongoliya ta Ciki da ke arewacin Sin, abin da ba wanda ya taɓa yi. Masana sun gano wasu duwatsun aman wuta a ciki sun kai shekara biliyan 2.8, kuma da su ake neman dalilin da ya sa ɓawon bayan wata ya fi na gabansa kauri.