Dashen Haƙoran Muƙamuƙi Gaba Ɗaya: Amsa ga Wani Ɗan'uwa a Hamburg

Wani bawan Allah ɗan asalin Kano, mai shekara 56, wanda yake aikin lodin kaya a wani sito a birnin Hamburg na ƙasar Jamus, ya aiko da tambaya a kan haƙoransa. Ciwon dasashi ya cinye masa haƙoran ƙasa ɗaya bayan ɗaya har aka cire ragowar, haƙoran robar da aka yi masa kuma ba sa zama, suna motsi in yana magana, har ta kai ya daina cin abinci a cikin jama'a. Likitansa ya yanka masa kuɗin da ya haura Yuro 10,000 don a dasa masa ƙusoshi huɗu a ɗaura haƙora na dindindin a kansu. Ya ga talla a Facebook ta wani asibiti a Santambul da ke cewa za a gama komai cikin kwana biyar a kan kusan sulusin wannan kuɗi, wani abokinsa kuma ya ce ya bari sai ya je hutu gida a yi masa a Abuja ko Kano. Yana da ciwon suga, yana ɗan shan sigari, izinin zamansa zai ƙare nan da 'yan watanni, yana aika wa mahaifiyarsa kuɗin cefane duk wata, yana so a gama kafin bikin 'yarsa bayan Babbar Sallah, kuma yana da niyyar komawa gida in ya yi ritaya.

Alhaji, sannu da fama, Allah ya ƙara lafiya. Damuwarka tana kan hanya, domin wanda ba ya iya tauna nama ko 'ya'yan itatuwa yakan koma ga burodi da shayi mai zaƙi da sauran abinci masu laushi, kuma wannan ita ce cimar da mai ciwon suga ya fi kamata ya guje wa. Shawarata ita ce a yi maka aikin a garin da kake zaune, inda za ka iya komawa wurin likitan duk lokacin da wani abu ya taso, kuma kada ka ɗaure shi da ranar biki.

Dashen haƙori shi ne a huda ƙashin muƙamuƙi a murɗa ƙusa ta ƙarfen titaniyam mai zare irin na noti, a bar ƙashin ya girma ya manne da ita, sannan a ɗaura haƙori a kanta. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Brånemark, shi ya lura da cewa ƙashi yana kama wannan ƙarfe, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe a birnin Gotenbag, mutumin ya rayu da ƙusoshin nan shekara 40. Tsarin ƙusoshi huɗu da aka yi maka tayinsa, wanda ake kira All-on-4, likita Paulo Malo na Lisbon ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1990. Ana kafa biyu a tsaye a gaba, biyu na baya a karkace, domin a kauce wa jijiyar da ta ratsa cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, wadda in aka taɓa ta leɓe da haɓa sukan mutu na wani lokaci ko ma har abada. Saboda wannan jijiya ne bai kamata ka yarda da duk wanda ya yanke maka farashi daga hoton bakinka da ka tura ta WhatsApp ba, sai an ɗauki hoton ƙashi mai nuna tsawo da faɗi da kauri, wanda a Jamus suke kira DVT.

Maganar kwana biyar ba ƙarya ce tsagwaronta ba, sai dai rabin labari ce. Abin da ake ɗaurawa a kwanakin nan haƙoran wucin gadi ne na roba. Ƙashi yana buƙatar wata 3 zuwa 6 kafin ya kama ƙusoshin sosai, kamar yadda ba a ɗora wa ginshiƙi rufi sai simintinsa ya bushe, kuma a tsawon wannan lokaci abinci mai laushi kawai za ka ci: babu kilishi, babu tsire, babu aya, babu goro. Bayan nan ne ake sake auna bakin a ƙera haƙoran dindindin. Ke nan tafiya biyu ce aƙalla, da kuɗin jirgi biyu da masauki biyu da hutun aiki biyu, ban da tafiyar gaggawa in haƙoran wucin gadin sun tsage ko wata ƙusa ta ƙi kamawa, wanda yakan faru ko a hannun gwanin gwanaye.

Kafin ma a zo ga inda za a yi, akwai jikinka. Suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewar rauni, yana kuma buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, shi ya sa likitan kirki zai nemi gwajin jini na HbA1c, wanda yake nuna yadda suganka ya kasance a wata biyu zuwa uku da suka wuce, kuma zai so ya gan shi kusa da kashi 7 cikin 100 kafin ya taɓa ka. Sigari tana rage jinin da ke zuwa dasashi, kuma masu shanta sun fi yawan asarar dashe. Abin da ya fi damuna a labarinka shi ne ciwon da ya zubar maka da haƙoran tun farko, domin ƙwayoyin da suka ci ƙashin da ke riƙe da haƙoranka na asali suna iya cin wanda ke riƙe da ƙusa, kuma in kana da sauran haƙora a sama to can suke zaune. A fara magance su. Ka kuma gaya wa likitan duk maganin da kake sha, musamman na tsinka jini da na ƙarfafa ƙashi.

Akwai wata hanya da masu talla ba sa ambatawa saboda ribarta kaɗan ce, ni kuwa ina ganin ta fi dacewa da halinka. Ana dasa ƙusoshi biyu kawai a gaban muƙamuƙin ƙasa, a sa musu kawuna kamar maɓalli, sai haƙoran roba su danna a kansu su kama. Ba sa zamewa in kana magana ko tauna, da dare kuma ka cire ka wanke. A 2002 masana suka taru a Jami'ar McGill da ke Kanada suka amince cewa wannan ce ya kamata ta zama zaɓi na farko ga wanda ya rasa haƙoran ƙasa duka. Ba ta kai ta dindindin ƙarfin tauna ba, kuma wasu ba sa jin daɗin abin da ake cirewa, wannan gaskiya ne. Amma kuɗinta ya yi ƙasa sosai, yankan ya fi sauƙi a jikin mai suga, kuma mutumin da zai tsufa a Kano yana buƙatar abin da zai iya tsabtacewa da hannunsa a lokacin da ido ya yi rauni, wanda kuma likitan haƙori na gari zai iya gyarawa. Ka tambayi likitanka ya rubuta maka farashin hanyoyin biyu.

Game da kuɗi, inshorar lafiya ta gwamnati a Jamus ba ta biyan kuɗin ƙusoshin kansu sai a yanayi na musamman, kamar wanda aka yi wa aikin ciwon daji a baki. Abin da take bayarwa tallafi ne ƙayyadadde, kashi 60 cikin 100 na kuɗin haƙoran roba na gama-gari, wanda yake hawa zuwa kashi 70 in ɗan littafinka na Bonusheft ya nuna ka je duba haƙora kowace shekara har shekara 5, ko kashi 75 in shekara 10 ne, mai ƙaramin albashi kuma yana iya neman cikakken tallafin. Sharaɗin shi ne likita ya rubuta takardar tsarin aiki da farashi, wato Heil- und Kostenplan, inshorar ta amince da ita kafin a fara, kuma amincewar tana aiki wata 6. Da wannan takarda a hannu kana iya neman ra'ayi na biyu kyauta a ofishin ba da shawara na ƙungiyar likitocin haƙori, ko ka je sashen haƙori na asibitin koyarwa na Eppendorf da ke nan Hamburg. Kada ka ɓata kuɗi wajen sayen ƙarin inshorar haƙori yanzu, domin galibi ba sa biyan haƙoran da suka riga suka zube kafin a sa hannu. Ka adana rasit ɗinka duka, ana iya shigar da su a takardar haraji ta ƙarshen shekara.

An ce araha ba ta ado, amma ba zan ce maka likitocin Turkiyya ko na gida ba su iya aiki ba, akwai ƙwararru a duk wuraren biyu, kuma rahusar tana zuwa ne daga arahar haya da albashi. Matsalar tana bayan an gama. Kowane kamfanin ƙusa, irin su Straumann da Nobel Biocare da Osstem, yana da nasa noti da nasa abin kwancewa, ta yadda in noti ya saki a Hamburg kuma likitan unguwarku bai san irin ƙusar da ke bakinka ba, zai iya cewa ka koma wurin wanda ya yi. A Jamus doka ta ɗora wa likita garantin shekara 2 a kan haƙoran da ya ƙera wa mai inshorar gwamnati, garantin da ke Santambul kuwa sai ka sayi tikiti kafin ka ci moriyarsa. Tallafin inshora yana bin ka zuwa ƙasashen Tarayyar Turai kamar Hangari da Folan in an amince da takardar tun kafin tafiya, amma Turkiyya da Nijeriya ba sa cikin tarayyar, don haka kada ka lissafa da ko sisi sai ka ga amincewa a rubuce. In har zuciyarka ta tsaya a kan gida, ka tabbatar likitan yana da rajista da lasisin shekara daga Hukumar Likitoci da Likitocin Haƙori ta Nijeriya, ka kuma fara da neman shawara a sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Takardunka su ne dalili na biyu da ya sa na ce ka zauna. Dokar zama ta Jamus ta ce izinin zama yana mutuwa in mutum ya wuce wata 6 a waje ba tare da ofishin baƙi ya ƙara masa wa'adi ba, saboda haka tunanin zama a gida har ƙashi ya warke yana da haɗari. Naka izinin kuma yana dab da ƙarewa. Ka shigar da buƙatar sabuntawa kafin ranar ƙarewar, kuma in aka ba ka takardar wucin gadi ta Fiktionsbescheinigung, ka duba sakin layin da aka yi wa alama: mai lamba 4 ta sashe na 81 na dokar zama tana ba ka damar fita da dawowa tare da fasfo mai rai, mai lamba 3 ba ta bayarwa. Sabuntawa kuma tana dogara da nuna cewa kana ciyar da kanka da aikinka. Hutun da doka ta tabbatar wa mai aikin kwana biyar a mako kwana 20 ne a shekara, kuma bikin 'yarka zai ci rabonsa a ciki. In a Hamburg aka yi aikin, likita zai rubuta maka takardar rashin lafiya na kwanakin kumburi, albashinka yana tafiya, ka kuma gaya masa cewa aikinka na ɗaga kaya ne domin ya san kwanakin da zai rubuta.

Saboda biki, ka sa a yi wa haƙoran robarka ciko daga ciki su dace da yadda dasashinka ya koma yanzu, ka sayi man manna haƙora a kantin magani. Wannan zai kai ka ɗaurin aure da walima lafiya, a fara dashen bayan ka dawo. Ina kuma roƙonka kada ka taɓa kuɗin Hajiya saboda wannan aiki, kuma kada ka ɓoye wa iyalinka. Ka gaya wa uwargida da ƙannenka a fili cewa bana akwai magani a gabanka, hidimomin da ba na dole ba za su jira. In kana cikin adashi da 'yan'uwa a nan, ka nemi a ba ka kwasa a watan da za a fara. Likitoci da yawa suna karɓar biya kashi-kashi, amma ka karanta takardar da kyau, domin wasu suna miƙa bashin ga kamfanin da yake ɗora ruwa bayan 'yan watannin farko.

In ƙashinka ya zaizaye har ana buƙatar ƙari, ka sani cewa garin ƙashin da aka fi amfani da shi na shanu ne, fatar da ake lulluɓe shi da ita kuma sau da yawa daga alade ake samo ta. Ba kowane likita ne yake tuna ya faɗa ba. Ka tambaya tun a zaman farko, domin akwai na haɗin masana'anta kuma ana iya ɗibar ƙashin jikinka, sannan ka kai bayanin ga malamin da ka amince da shi. Ka kuma kauce wa watan azumi, saboda magungunan bayan aiki suna da sa'o'insu, ga kuma suga.

Bayan an gama, asuwaki ba ya kaiwa ƙarƙashin haƙoran da aka ɗaure, sai ɗan siririn buroshi na tsakanin haƙora ko na'urar fesa ruwa, safe da dare, tare da zuwa wurin likita sau biyu a shekara. Ka karɓi katin dashe, Implantatpass, wanda yake ɗauke da sunan kamfani da tsawo da kaurin kowace ƙusa da lambarta, ka nemi kwafin hotunan ƙashinka, ka ajiye su tare da fasfo. Tun kafin a zaɓi kamfani, ka sa wani ya tambaya maka a Kano ko Abuja waɗanne iri ne likitocin can suke da kayan kwance su. In kuma mai maɓalli ka zaɓa, 'yan robobin da ke cikin maɓallan suna saki bayan shekara ɗaya ko biyu a canza su, don haka ka sayi na ajiya da yawa kafin ka tattara kayanka.