Kala ta riƙa canzawa daga zane zuwa zane, ga abin da ke faruwa

Toh ƙanena, ka ce a zanen farko na shiyyoyin Najeriya shida Arewa maso Yamma ta fito kore, da ka rage saura shiyyoyin Arewa uku kawai sai ta koma shuɗi, kana tambaya ko kwamfutar ce ta samu matsala. Lafiyarta ƙalau. ggplot2, wato kayan zana bayanai da ke cikin manhajar lissafi ta R, bai san wata Arewa maso Yamma ba, shi dai yana jera sunayen rukuni bisa haruffa ne sannan ya raba musu kala gwargwadon yawansu, idan shida ne na uku yana samun kore, idan uku ne koren sai ya faɗa kan na biyu, wato Arewa maso Gabas kenan tunda da Turanci ka rubuta sunayen. Ka ga haɗarin ko? Mai karatu ya riga ya riƙe kore a kansa tun shafin farko, ya zo shafi na biyar ya ga kore ya ɗauka Kano da Katsina yake kallo alhali Borno da Yobe ne.

Kala a irin wannan aikin kamar rigar ƴan ƙwallo ce, ba a canza ta ana tsakiyar wasa. Saboda haka tun kafin ka zana komai ka zauna ka ɗaura wa kowace shiyya kalarta da sunanta, ka ajiye a saman fayil ɗinka, duk zanen da za ka yi ka kira wannan jerin ta umarnin scale_colour_manual, ko scale_fill_manual idan sanduna ne. Ko Excel kake amfani da shi haka za ka yi, da hannu za ka bi ka saka, akwai gajiya amma dole ne.

Wace kala kuma? Nan ne nake so ka natsu sosai. Shiyya ba ta fi shiyya ba, don haka kar ka ɗauko shuɗi mai haske zuwa mai duhu ka raba musu, ido zai karanta mai duhun a matsayin babba. Wannan salon na abin da ke da hawa-hawa ne, kamar matakin karatu daga firamare zuwa jami'a. Cynthia Brewer da ta yi ColorBrewer, shafin intanet na zaɓar kaloli, ta ware jerin kaloli gida uku ne saboda wannan dalilin, kai na rukunin da babu fifiko za ka ɗauka. Ni dai na fi yarda da jerin Okabe da Ito, masana biyu ƴan Japan, kala takwas ne kuma sun tsara su ne don masu matsalar bambance kala, tun R 4.0.0 da ya fito a 2020 suna nan cikin umarnin palette.colors ba sai ka sauke komai ba. Rawayar ciki ce kawai ka yi hattara da ita, siririn layi a kan farin shafi ɓacewa take yi. Ja da kore kuwa kar ka haɗa su su kaɗai, a Turai kusan namiji 1 cikin 12 na da wannan matsalar, a nan ma akwai su kuma yawanci ba za su faɗa maka ba, shiru kawai za su yi a taro.

Sannan ka tuna inda rahoton zai ƙare. Ofisoshi da yawa baƙi da fari suke bugawa, kalolin da ggplot2 ke bayarwa da kansa kuma haskensu kusan ɗaya ne, suna shiga na'urar kwafi duk su zama toka iri guda wallahi. Ka buga shafi ɗaya ka duba da idonka, ka bambanta layukan da ɗigo-ɗigo ko siffar alama, in da hali ka rubuta sunan shiyya a bakin layinta.

Na ga kuma kana shirin yi wa jihohi 36 da Abuja kala ɗai-ɗai. A'a. Da an wuce bakwai ko takwas ido ya daina rarrabewa. Ka ba jihar da ake magana a kanta kala ɗaya mai ƙarfi sauran ka bar su ruwan toka, ko ka raba zanen ƙanana-ƙanana shiyya-shiyya. Gyara zanen nan tukuna ka turo min kafin La'asar in duba.