Tambaya da Amsa: Boko ne ke kawo samu, ko masu samu ne ke yin boko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Argungu, ina ƙaro karatu, kuma kundina a kan amfanin boko yake. Na zagaya magidanta, na tarar waɗanda suka gama sakandare sun fi samu, iyalinsu ma sun fi lafiya. Mai duba aikina ya ce wannan bai nuna makaranta ce sila ba. Ina kuskuren yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Yana da gaskiya. Duba su wa suka gama sakandaren tun farko: yaron da mahaifinsa ke da fadama da injin ban ruwa, ba a cire shi daga aji ranar yankan shinkafa ba, gidansu na cikin gari, asibiti na bayan layi. Irin wannan ko bai taɓa riƙe alli ba, da wuya ya tashi a tutar babu. Alƙalumanka sun dama tasirin makaranta da na gado da na zaman gari a ƙwarya ɗaya. A ɓangaren lafiya ma abin kan juya baya: yaron da sikila ke yawan kwantarwa shi ke fara barin aji, sai a ɗauka rashin karatu ne ya jawo masa ciwo.

Shi ya sa masana ke farautar wani abu da ya tura wasu makaranta ya bar wasu, ba da zaɓinsu ko na iyayensu ba. Mafi tsafta shi ne ƙuri'a. A Ghana a 2008, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer sun raba tallafin sakandare 682 ta ƙuri'a tsakanin matasa 2,064, suka bi rayuwarsu fiye da shekara goma. Tunda sa'a ce ta raba su, duk bambancin da ya ɓullo daga baya na tallafin ne.

Kai ba ka da kuɗin wannan, to ka nemi ƙuri'ar da tarihi ya jefa da kansa. Kan irin wannan dabara aka ba David Card da Joshua Angrist da Guido Imbens kyautar Nobel a 2021. Indunusiya ta gina firamare sama da 61,000 daga 1973 zuwa 1978, wasu yankuna da yawa, wasu kaɗan. Da Duflo ta bi sawu, ta ƙiyasta kowace shekarar karatu na ƙara albashi da kashi 6.8 zuwa 10.6 cikin ɗari. Mu ma muna da namu: shirin UPE na 1976, wato ilimin firamare kyauta ga kowa, lokacin Kebbi na cikin jihar Sakkwato. Yankin Yamma ya fara firamare kyauta tun 1955, don haka shirin bai girgiza shi kamar sauran wurare ba. Da wannan giɓi Una Osili da Bridget Long suka nuna a 2008 cewa ƙarin shekara ɗaya ta karatu ga mace na rage yawan haihuwa a ƙuruciya da 0.26, kusan haihuwa ɗaya a mata huɗu.

Ga yadda za ka yi a ƙaramin mataki. Samo ƙauyukan da aka buɗe wa makaranta a wata sananniyar shekara, da makamantansu da ba a buɗe wa ba. A kowane ɓangare ɗauki rukuni biyu: waɗanda suka riga suka wuce shekarun shiga aji, da ƙannensu da suka riski makarantar. Fitar da tazarar ƙanne da yayye a ƙauyukan makaranta, ka ɗebe irin wannan tazarar ta ɗaya ɓangaren. Ragowar ita ce amsarka, muddin ba a kawo hanya ko asibiti tare da makarantar ba.

Inda aiki ke ɓaci shi ne shekarun haihuwa. Dattijo zai ce maka arba'in ko hamsin, kowa na cika lissafi, sai ka jefa shi rukunin da ba nasa ba. Ɗaura tambayar da abin da ya tuna, kamar fari ko canjin kuɗi. Tambayi inda mutum ya tashi, ba inda yake zaune ba, don wanda karatun ya fi amfana ƙila yana Birnin Kebbi ko Abuja. Manomi kuwa kada ka tambaye shi samun wata. Ƙirga buhunan damina da na rani, da abin da ya ciwo a ci-rani.

Kada kuma ka ɗauka lafiya dole ta biyo baya. Birtaniya ta ɗaga shekarun barin makaranta a 1947 da 1972, amma Damon Clark da Heather Royer ba su ga wani tasirin a-zo-a-gani kan tsawon rai ba.

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce daga Zuru. Rufe makarantu saboda 'yan bindiga ba irin wannan ƙuri'ar ba ce?

AMSA: A'a, Malama. Sharaɗin shi ne abin ya taɓa samu da lafiya ta ƙofar makaranta kaɗai. Harin da ya rufe aji shi ya hana noma, ya tashi kasuwa, ya kori ma'aikacin asibiti. In yaran suka tashi da ƙarancin samu, ba ki da hanyar ware kason makaranta daga na gona.