Katin INEC ne za ka je da shi zaɓen kansila

Malam, ka tambaya ko sai ka yi sabon kati kafin ka zaɓi kansila, tunda ka tashi daga ƙauyenku ka koma cikin Argungu. A'a, katinka na INEC ya isa. Ba INEC ke shirya wannan zaɓe ba, hukumar zaɓe ta jihar Kebbi ce, wato KESIEC, amma rajistar masu zaɓe daga INEC take karɓa.

Inda gizo ke saƙa shi ne rumfa. Sunanka yana rumfar da ka yi rajista, can ƙauye. In ba ka je ofishin INEC an sauya maka ba, ranar zaɓe sai ka hau babur ka koma gida, kuma kansilan waccan mazaɓa za ka zaɓa, ba na Argungu ba.

Ni kam da ni ne, ba zan sauya ba. A ƙauye ne kansila ya san ka, ya san mahaifinka. In famfon tuƙa-tuƙa ya lalace ko damina ta cinye hanya, ƙofar gidansa za ka buga. Ranar zaɓe ka fita da sassafe, kafin rana ta take.