Yaya zan gane makarantar kasuwanci ta ƙwarai kafin in biya kuɗi?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Maraɗi. Ɗana ya ci bak bana, yana son karanta lissafin kuɗi da tafiyar da kasuwanci. Makarantun kuɗi sun yi yawa, kowace tana yabon kanta a rediyo. Wace zan kai shi?

Amsa: Alhaji, Allah ya sa wa karatun yaro albarka. Kada bene da fenti su ɗauke maka hankali, takarda za ka fara nema. A nuna maka izinin buɗewa daga ma'aikatar ilimi mai zurfi, sannan ka tambaya ko CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ta amince da diplom ɗin. Ita wannan hukuma, da aka kafa a 1968 kuma take zaune a Wagadugu, diplom ɗaya-ɗaya take tantancewa. Nan ake yi wa iyaye wayo: fanni guda ya samu amincewa, sai a rubuta sunanta a allon ƙofa kamar ta shafi kowa. Ka duba sunan fannin ɗanka a takardar da idonka, da kwanan watan da ke kanta.

Lisansi, wato digirin farko, shekara 3 ce, zango 6, kiredi (ma'aunin yawan karatun da aka kammala) 180. Wanda ya ce zai gajarta maka, ka kama gabanka.

Sai malamai. Nawa ne na dindindin, nawa ne na haya? Malamin haya ba laifi ba ne, wani ma ma'aikacin banki ne ko na haraji, ya san aikin a hannu. Ɓarnar ita ce a ɗauko mutum daga Yamai ya dunƙule darasin zango guda cikin mako ɗaya ya koma. Lissafi ba ya zama a ka haka, sai da atisaye mako-mako da mai gyara kuskure.

Amma gwajin da ya fi duka yana cikin shagonka. Ka samu ɗalibin shekara ta 3 na makarantar, ka miƙa masa rasitan wata guda. Ya shigar da su a kan SYSCOHADA, tsarin rubuta lissafin kasuwanci da ake bi a Nijar, wanda aka sabunta ya fara aiki a 2018. In littafin makarantar na tsohon tsari ne, an bar su a baya. Ka ce kaya sun tashi jikka 119 har da harajin TVA na kashi 19 cikin 100, nawa ne harajin? Wanda ya iya zai raba da 1.19, ya ce kaya jikka 100, haraji 19. Ɗan hadda zai zare kashi 19 kai tsaye ya ba ka 22 da ɗoriya. Ka ƙara masa da buhun da ka saro a Kano da naira, ya biyo ta Jibiya da Ɗan Isa: kuɗin mota, kwastan, canji, a nawa ya iso maka da sefa? Ya yi shi a Excel a gabanka, ka ga ko kwamfutocin makarantar na aiki ne ko na ado.

Ka kuma tambaye su inda ɗaliban bara suka yi sitaj, wato koyon aiki a ma'aikata, da inda suke aiki yanzu. Makarantar da ke bin sawun ɗalibanta za ta ba ka amsa nan take. A nan ku ma kuna da hannu, Alhaji, domin yaran ba su da wurin koyo in manyan 'yan kasuwa suna ƙin buɗe musu littafi. Ka karɓi ɗaya ko na wata 2 ne, ka gaya wa makarantar inda ya gaza.