Wace ƙarin inshora za a yi wa Hajiya bayan Medicare?

'Yar'uwa, tunda Hajiya ta cika 65 a Amurka kuma kina neman abin da zai cike giɓin Medicare (inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ga tsofaffi), kada ki yi jinkiri. Part B, wato ɓangaren Medicare na ganin likita, na biyan kashi 80 ne kawai, sauran 20 ɗin kuwa ba shi da iyaka, jinya ɗaya sai ta cinye ajiyar gida.

Ni Medigap Plan G nake ba da shawara, wato ƙarin inshora na kamfanoni da ke biyan giɓin da Medicare ya bari. Amfaninsa iri ɗaya ne a kowane kamfani, farashi kawai za ki gwada. Cikin wata 6 na farko da shiga Part B ba za a ƙi ta ba saboda ciwon suga ko hawan jini. Bayan haka, a yawancin jihohi kamfanonin suna iya ƙi.

Idan za ta je gida ko Umra, Plan G na biyan kashi 80 na jinyar gaggawa a kwana 60 na farkon tafiya. Magani kuwa sai an haɗa da Part D, ɓangaren Medicare na magunguna.